Kafin Mu Ja Wani Abu A Cikin Hoto



Yawancinmu masu sakin labari a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp mu muke haɗa bangon littafinmu da kanmu. Ba kullum ake da kuɗin mai zane ba, ga kuma PixelLab da PicsArt da Canva a waya, masu kwamfuta ga Photoshop ko GIMP. Aikin da aka fi yi a waɗannan manhajoji shi ne a zagaye wani ɓangare na hoto a ja shi zuwa wani wuri: a matsar da jaruma gefe don sunan littafi ya samu fili, ko a kusanto da mota bakin ƙofar gida. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya sauya wa abu mazauni a hoto ya sauya abin da hoton ke faɗa. Saboda haka a bangon ƙagaggen labari mu koyi yin sa da kyau, a hoton abin da ya faru da gaske kuma mu cire hannunmu.

Mu fara da yadda aikin yake. Hoto tarin ƙananan ɗigon launi ne da ake kira fiksel. Kyamara ba ta ɗauki abin da ke bayan jarumar ba, don haka da zarar an ja ta, sai rami ya bayyana a inda take, ko dai farin fili ko gidaje-gidaje masu kama da allon dara. Shi ya sa masu zane ke aiki falle-falle, abin da suke kira leya, tsarin da ya shigo Photoshop tun 1994. Bayan an zagaye jarumar, danna Ctrl da J yana kwafe ta zuwa sabon falle, hoton asali yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. Harafin V yana ɗauko abin ja. Madannan kibiya suna matsar da ita fiksel ɗaya-ɗaya, in aka haɗa da Shift kuma goma-goma. Sai a koma a shafe tsohon gurbinta a kan kwafin hoton. Tun 2012 Photoshop ta fito da Content-Aware Move, wanda ke ja ya kuma cike ramin da kansa, amma cikon hasashe ne daga launukan kewaye. Wani lokaci yakan maimaita taga ɗaya sau biyu, ko ya karkatar da layin katanga.

Abubuwa uku ke tona asirin aikin gaggawa. Na farko bakin yanka: gefen gyale ko gashi ya fito da ragowar launin tsohon wuri. Na biyu haske: rana tana dukan gida daga dama, fuskar jaruma kuma tana haske daga hagu, ko an kawo mutum an baro inuwarsa a baya har ya zama kamar yana shawagi. Na uku girma: wanda aka mayar nesa dole ya ƙanƙance, wanda aka kusanto ya ƙaru.

Wani abu kuma ya fi shafar mu a matsayinmu na marubuta. A ce labarin kishi ne, muka ajiye amarya kafaɗa da kafaɗa da maigida, uwargida can a gefe ta juya baya. Mun riga mun gaya wa mai karatu wace ce 'yar mowa kafin ya buɗe babi na ɗaya. In labarin ba haka yake tafiya ba, bangon ya yi masa alƙawarin da littafin ba zai cika ba.

A ƙagaggen labari ke nan, inda kowa ya san haɗawa aka yi. Hoton gaskiya hukuncinsa daban. A watan Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta Amurka ta sa hoton dalolin Giza na Masar a bangonta. Hoton a kwance aka ɗauke shi, bango kuma a tsaye yake, sai aka matso da dalolin kusa da juna don su shiga. Ba a ƙara dala ba, ba a rage ba, amma fiye da shekara arba'in ke nan ana kafa misali da wannan bango duk sanda aka zo maganar amanar hoto. A watan Satumbar 2010 kuma jaridar Al-Ahram ta Masar ta buga hoton shugabanni biyar suna tafe a fadar White House lokacin tattaunawar sulhun Isra'ila da Falasɗinu. A hoton asali Barack Obama ne a gaba, Hosni Mubarak yana gefe daga baya. A na jaridar sai ga Mubarak yana jan tawaga. Cikin ɗan lokaci aka jera hotunan biyu a intanet, abin ya zama abin dariya a duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani zai ce ai babu abin da aka ƙirƙiro, wuri kawai aka sauya. To mu da muke sana'ar jera kalmomi mun fi kowa sanin amsar. "Audu yana bin Musa bashi" da "Musa yana bin Audu bashi" kalmominsu ɗaya ne, amma a gaban alƙali wanda zai biya ya bambanta. Haka hoto yake. Mutane sun yarda da shi ne saboda gani ya kori ji, wanda ya ja wani abu a ciki kuma ya yi shiru, wannan yardar ya ci.

Jarrabawar tana kusa da mu. Akwai hoton bikin ƙaddamar da littafi, da na karɓar kyautar gasa, da tsohon hoton gari da za a sa a rubutun tarihi. Yanzu wasu wayoyin ma da yatsa kawai suke matsar da mutum su cike gurbinsa, kamar yadda Google ta fito da shi a 2023. Marubucin da aka kama ya matso da kansa kusa da babban baƙo, gobe in ya rubuta cewa labarinsa ya faru da gaske, wa zai saurare shi?

Shawararmu ita ce, kafin a ja komai a tambayi kai: mai kallo zai ɗauka haka kyamara ta gani? In amsar e ce, a bar hoton yadda yake, ko a rubuta a ƙasansa cewa haɗa shi aka yi. In bangon labari ne, a ajiye hoton asali daban, a yi aiki a kan falle, a duba baki da haske da girma kafin a saki.

Duk mai bangon da yake son a duba masa ya ɗora shi a ƙasa, mu tattauna cikin mutunci. Allah ya ƙara mana basira.