KIWON LAFIYA: Barcin allura ba mutuwa ba ne

Mutane da yawa a karkara suna fama da gwaiwa shekara da shekaru. An ce su tafi likita a yi musu aiki, sun ƙi. Ba wuƙar lokotoro suke tsoro ba, allurar barci suke tsoro. Suna cewa barci ƙanen mutuwa ne, wanda aka kwantar ba ya tashi da hankalinsa.

Wannan magani ba sabo ba ne. Tun shekarar 1846 aka nuna shi a gaban jama'a a birnin Boston na ƙasar Amurka. An cire wa wani mutum ƙari a wuya, bai yi kururuwa ba.

Maganin yana bin jini ya kai ƙwaƙwalwa, ya hana ta jin zafi. Zuciya tana bugawa. Akwai ma'aikaci guda a wajen kan majinyaci, aikinsa lura da numfashi da bugun jini har a gama.

Shin mai wannan barci yana mafarki? Wani yana yi. An tambayi majinyata bayan aiki. Wajen mutum 1 cikin 5 ya ce ya yi mafarki, galibi na gida ko na sana'a. Mafarkin yakan zo dab da farkawa, lokacin da magani ya fara saki.

Akwai wata allura mai suna ketamin, wadda aka haɗa a 1962. Ana aiki da ita sosai a likitocin karkara, don ba ta cika danne numfashi ba. Wanda aka yi wa ita, idonsa yana iya zama buɗe, amma bai san abin da ake yi ba. In zai farka, yakan ga abubuwan ban mamaki, ya yi sambatu ko kuka. Dangi sai su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, ƙarfin magani ne. A bar shi wuri maras hayaniya, zai dawo daidai.

Wani aikin ma ba a sa barci. Allura ake yi a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙafa ya mutu na ƴan awoyi. Mace tana jin kukan jaririnta ana fiddo shi, ba ta jin zafi.

Wanda za a yi wa aiki ya kiyaye abu biyu. Na farko, kada ya ci abinci ko ya sha fura awa 6 kafin aiki, don amai yana iya shiga huhu. Na biyu, ya faɗa wa lokotoro duk abin da yake sha, ko saiwa ce ko tramol. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai gwaiwa ya tafi likita da rani, kafin ruwa ya sauka. In hanji ya shaƙe, aikin gaggawa ya fi haɗari.