Ba kowace matsalar lok ba ce sai an yanke waya

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa tsakanin masu motoci a nan Legas, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Santiral lok ya ƙi aiki, mutum ya tsaya wurin mai wayarin na bakin titi, kafin ya gama bayani an ɓalle murfin ƙofa, an yanke wayoyin kamfani, an jona masa wani lok na kanti mai rimot biyu. Ya biya kuɗi ya tafi yana murna. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce, kuma laifin na mutum biyu ne: mai yankan da mai motar da ya tsaya yana kallo.

Motar da kanta tana nuna inda ciwon yake. In makunnin da ke jikin ƙofar direba yana kulle ƙofofi amma rimot ba ya yi, to a fara da batirin rimot ɗin, ɗan fale-falen nan kamar kwabo, yawanci CR2032 ko CR2016. In kuwa ƙofofi huɗu sun mutu lokaci guda, fis za a fara dubawa, sai rile. In ƙofa ɗaya ce ta ƙi, ɗan injin da ke tura makulli a cikinta ne ya gaji, ana samunsa a Ladipo, a canza shi kaɗai. In makunnin gefen fasinja yana aiki na direba ba ya yi, shi makunnin ne, sau da yawa ruwan sama ne ya shiga ta gilashi ya sa shi tsatsa.

Wurin da aka fi tsallakewa shi ne robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Wayoyin ƙofa duk ta nan suke bi, kullum ana buɗewa ana rufewa, har ɗaya ta karye a cikin rigarta. Alamarta: lok ya yi aiki in ƙofa na buɗe, ya ƙi in an rufe. Aikin jona waya ɗaya ne, amma a nan ake cewa Alhaji "komai ya ƙone".

Za a ce sauƙi ake nema, kayan kamfani da tsada. To wane sauƙi? Lok ɗin da aka ɗaure da salatif shi ne yake shanye batir cikin dare, shi ne yake kulle kansa makulli na ciki. Mafi muni, fis ya ƙone a naɗe shi da waya ko a sa ja mai 10 a maye shi da kore mai 30. An yi fis ne don ya mutu kafin waya ta kama wuta.

Masu cewa "ƙofa ɗaya ce kawai, zan gyara" su ma ban bar su ba. Ɗan kasuwar da ya taso daga Mile 12 da cinikin yini, ya shiga cunkoso da ƙofar baya a buɗe, ya san abin da ake yi wa mutane a goslo. Ka danna rimot, ka ja kowane hannu ka tabbatar.

Wanda ya san mai wayarin da ke sa mita ya auna kafin ya ɗauki fulaya, ya kawo mana sunansa ofishin ƙungiya, za mu sanar da mambobi a taro mai zuwa in sha Allahu.

Sakatare