Jama'ar Lakwaya, Mu Tsare Gidajenmu Tun Kafin Dare Ya Yi



Abin da muke ji a rediyo daga Zamfara da Katsina ya iso ƙasar Kano. A ƙarshen shekarar 2025 'yan bindiga sun shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa cikin dare, suka kora shanu, suka tafi da mutane. Shanono maƙwabciyarmu ce, ƙaramar hukumarmu ta Gwarzo kuma ta yi iyaka da Jihar Katsina, daga nan zuwa Dayi tafiya ce ta ɗan lokaci a kan babur. Gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ya yi.

Kakanninmu sun san irin wannan zama. A ƙarni na 19, lokacin da mahara daga Maraɗi ke faɗo wa yammacin Kano, garuruwan wannan yanki ganuwa suka yi, suka sa masu gadin ƙofa. Ba mutum ɗaya ya gina ganuwa ba, gari ne ya fito. Yau ma haka take: gida ɗaya ba ya tsare kansa, unguwa ce ke tsare gida.

Maigida, fara da naka. Zagaya katangarka da rana tsaka ka dube ta da idon ɓarawo. Inda damina ta zubar, a ɗaga. Ƙofar zaure ta samu sakata mai ƙarfi ta ciki, ƙofar baya ma haka. A sa fitila mai sola a ƙofar gida da wajen turken dabbobi, a sare duhuwar da ta rufe bayan gida. Wayarka ta kwana da caji da kuɗin kira. Wanda ya buga ƙofa da tsakar dare, ko da ya kira sunanka, kada ka buɗe sai ka tabbatar da shi, ka kuma taɓa maƙwabci a waya. Uwargida da yara su san ta inda za su fita da gidan da za su nufa idan abu ya faru. Wannan magana da rana ake yin ta, cikin natsuwa.

Sannan mu kama bakinmu. Da ɗan gari akan ci gari. Maharin da ya zo daga daji bai san wanda ya sayar da sa a kasuwa ba, bai san ɗakin da maigida yake kwana ba, wani ne ya faɗa masa. A daina lissafin kuɗin hatsi a majalisa da teburin mai shayi. A daina baza hoton dukiya a Facebook da WhatsApp. Baƙon da ya nemi haya ko masauki, a kai shi gaban mai unguwa a san asalinsa, kamar yadda iyayenmu suke yi. Wanda aka ga yana sayen fetur a jarkoki ko burodi mai yawa yana nufar daji, a sanar da dagaci da 'yan sanda cikin sirri.

Matasa, ku ne ƙarfin gari. Ku tsara sintiri da sanin mai unguwa, dagaci, hakimi da DPO na Gwarzo. A rubuta sunan kowane ɗan sintiri, a raba kwana, a ba su tocila da usur, gari ya haɗa musu abin shayi. A yarda da alama guda wadda kowa zai gane, ko usur ko lasifikar masallaci. Lakwaya ta riƙe lambobin Getso da Kutama da Mainika da ƙauyukan Kabo, don labari ya riga babur isowa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kowa ya haddace ta.

Amma a kiyaye doka. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa daidai gwargwado, bai ba kowa izinin yanke hukunci ba. Bindiga, ko ta toka ce, sai da lasisi. Wanda aka kama, hannun hukuma za a miƙa shi. Mu tuna mafarauta 16 'yan Kano da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai. Abin da ya sa mu kuka kada mu yi wa wani. A Zamfara, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta ƙara rura wutar. Bafulatanin da muka tashi tare da shi maƙwabci ne, shi ma shanunsa ake kora, a sa shi cikin shawara.

Idan kuwa masu manyan bindigogi sun riga sun shigo, rai ya fi sa. Kada wanda ya tunkare su da sanda don jarumtaka. A tsira da iyali, a yi kira.

Ga gwamnati kuma: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Kano ta ƙaddamar da tata a Disambar 2025. Muna neman a ga jami'an a ƙauyukan iyaka, da motoci da babura, kuma su amsa kira a kan lokaci. Kansilanmu da 'yan majalisarmu su kai wannan kuka inda ya dace.

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, kowace unguwa ta zauna a ƙofar mai unguwarta. A fitar da 'yan sintiri, a rubuta lambobin waya, a tsayar da alamar kira. Kada kowa ya ce wani zai je. Ku fito, ku taho da maƙwabtanku. Allah Ya tsare Lakwaya da ƙasar Kano baki ɗaya.