Rangadin Victory na 1984: Laifin da Aka Ɗora wa Michael Jackson

Har yau akwai masu zargin Michael Jackson da wargaza ƙungiyar waƙa ta gidansu. Hujjarsu ita ce daren 9 ga Disamba, 1984, a filin wasa na Dodger da ke Los Angeles, inda ya shaida wa 'yan kallo cewa wannan ne karo na ƙarshe da za su yi rangadi tare, alhali 'yan'uwansa na tsaye a gefensa. Lallai yadda ya furta maganar bai dace ba. Sai dai wanda ya bi tarihin rangadin Victory zai ga cewa ɓarakar ta daɗe da aukuwa kafin wannan dare.

An shirya rangadin ne domin tallata kundin Victory, wanda ya haɗa 'yan'uwa shida: Jackie, Tito, Jermaine, Marlon, Michael da Randy. An yi wasa 55 a Amurka da Kanada, aka fara daga Kansas City, aka taɓa Montreal da Toronto da Vancouver. Amma a duk tsawon tafiyar ba a rera ko waƙa ɗaya daga cikin kundin da aka fito tallatawa ba. Abin da ya cika filayen shi ne waƙoƙin Michael, musamman na kundinsa Thriller na 1982. Sunan rangadin na gida ne, ginshiƙinsa mutum ɗaya. Shi kuwa tun farko ba da son ransa ya shiga ba, matsin iyaye da 'yan'uwa ne ya kai shi. Duk ma'aikacin da albashinsa ke ɗauke da dangi ya san nauyin irin wannan roƙo, da wuyar cewa a'a.

Batun tikiti ne ya fi tona asirin tafiyar. An sa dala 30 kan kowane, kuma ba a sayar da ƙasa da huɗu. Mai son kallo sai ya aika dala 120 ta gidan waya, sannan a jefa sunansa cikin ƙuri'a. In bai dace ba, ya jira makonni kafin kuɗinsa su dawo. Talakawan baƙar fata da suka goya wa wannan gida baya tun zamanin Jackson 5 su ne farkon waɗanda tsarin ya rufe wa ƙofa. Ba Michael ya tsara shi ba, amma sunansa ne ya sha zagi a jaridu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana gobe za a fara wasa ya fito gaban 'yan jarida, ya ce za a sauya tsarin, ya kuma yi alkawarin ba da kasonsa duka sadaka. Mutumin da ya yafe ladan aikin wata biyar tun kafin ya fara shi, da wuya a ce kwaɗayi ne ya raba shi da 'yan'uwansa.

Ko ta fuskar kasuwanci, cikar filaye ba ta amfani kowa da kowa ba. Chuck Sullivan, wanda ya ɗauki nauyin shirya wasannin, ya jinginar da filin wasan gidansu don samun kuɗin aikin, ya kuma tafka asara. A 1988 iyalan Sullivan suka sayar da ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, New England Patriots. Shekara guda kafin haka Michael ya riga ya buɗe rangadinsa na farko shi kaɗai a Tokyo.