Mai Sankarar Mama Da Dokinta: A Raba Su Ko A Bar Su?

Mai karatu, a al'adarmu ta jinya da zarar an ce wance ba ta da lafiya, abu na farko da za ta ji shi ne, "Kwanta ki huta." A karɓe mata tsintsiya, a hana ta ɗaga ko da buta. Ƙauna ce ke kawo haka, amma ina ganin wani lokacin ƙaunar kan zama ɗaurin talala. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ta yawaita a Turai da Amurka, inda mata ne suka fi yawa a cikin masu hawan doki don nishaɗi: matar da ake yi wa maganin sankarar mama, za ta ci gaba da hawa da kula da dokinta, ko kuwa ta rataye linzami har sai ta warke?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta, kuma ta yi sanadin mutuwar kusan 670,000. Maganin kan ɗauki watanni: tiyata, allurar kemo, gashi da na'ura, sannan ƙwayoyin da akan sha har shekara 5 ko fiye. A tsawon wannan lokaci mace kan rasa gashin kanta da ƙarfinta, wata har da nononta. In aka ƙara da raba ta da dabbar da take tashi da asuba dominta, me ya rage mata?

Ra'ayina shi ne a bar ta da dokinta, amma da sharaɗi. Hujjata ta farko daga likitoci take. A da akan gargaɗi matar da aka cire wa kaluluwar hammata da kada ta ɗaga abu mai nauyi, don gudun kumburin hannu. A shekarar 2009 Kathryn Schmitz da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa binciken da suka yi a kan mata 141 masu irin wannan kumburi. Sun gano cewa ɗaga nauyi sannu a hankali, bisa kulawar ƙwararru, bai ƙara kumburin ba, ya ma rage yawan tashinsa. A yau motsa jiki yana cikin abubuwan da ake ba masu jinya shawara a kai don rage kasalar da magani ke sa wa. Ashe gaskiyar kifi ce da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi.

Hujja ta biyu ita ce doki ya daɗe yana tallafa wa marasa lafiya. Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak, cutar shan-inna ta nakasa mata ƙafafu, amma ta ci lambar azurfa a kan doki a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952. Nasararta na cikin abin da ya zaburar da masu amfani da hawa wajen taimakon naƙasassu. A Italiya ma an wallafa wani ɗan gwaji a 2014 a kan mata 20 da suka gama maganin sankarar mama, inda waɗanda aka sa su hawa suka ƙaru da ƙarfin jiki da walwala. Sai dai gwajin ƙarami ne, kuma bayan magani aka yi shi. Kada wani ya ɗauka doki magani ne. Doki ba ya kashe ƙwayar cuta, wadda ta bar asibiti ta koma barga ta yaudari kanta.

To, masu cewa a raba su fa? Suna da tasu gaskiyar. Kemo kan karya fararen ƙwayoyin jini, galibi kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura, kuma a wannan tsakani ƙurar ruɓaɓɓiyar harawa da kashin doki kan iya jawo cutar da jiki ba zai iya yaƙa ba. Kemo kan rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, sai ƙaramar faɗuwa ta zama babba. Wasu magungunan kan kashe jin tafin hannu da na ƙafa, mahayiya ta kasa jin linzami da likkafa. In kuwa cutar ta kai ƙashi, faɗuwa ɗaya ta isa karaya.

Amma duk wannan dalilin sauya rawa ne saboda kiɗa ya sauya, ba dalilin barin fage ba. Ta tambayi likitanta kafin komai. Ta jira ɗinkin tiyata ya warke. A makon da jini ya yi ƙasa, wani ya share barga, ya ɗauki dauro da ruwa, ya ɗora sirdi. Ta sa safar hannu don gudun yanka a hannun da aka yi wa aiki, ta sa hular kwano, ta zaɓi doki mai sanyin hali, kada ta fita ita kaɗai. Ranar da hawa ya gagara, ta tsaya a turke ta shafa wuyansa, ta taje masa geza. Wannan ma samu ne.

Mu Hausawa mun san doki, ko ba a gaya mana ba. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Sai dai 'yan'uwanmu mata masu wannan jinya ba su da barga. Abin da suke da shi keken ɗinki ne, ko 'yar akuya, ko ajin da suke koyarwa. Shi ne dokinsu. Kafin mu karɓe shi da sunan tausayi, mu raka su wurin likita, mu tambayi abin da za su iya da wanda za mu ɗauke musu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.