Araha Ba Ta Ado: Shawara A Kan Zaɓen Mai Gyaran Na'urorin Sanyi Da Ɗumi

Kowace shekara, da zarar hunturu ya ɗaga bazara ta kawo kai, zafi ya kan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola, tun daga watan Maris har zuwa saukar ruwa. A lokacin nan ne kowane magidanci ya ke tunawa da fankarsa da firijinsa, wanda Allah ya hore wa kuwa ya tuna da iyakwandishan ɗinsa. A lokacin nan ne kuma kasuwar masu gyara ta ke buɗewa, gwani ya samu, ɗan karambani ma ya samu. Abin da na ke so in jawo hankalin 'yan'uwa malaman makaranta da ma'aikatan ofis a kai shi ne, zaɓen wanda za a danƙa wa waɗannan na'urori ba ƙaramin al'amari ba ne. Akwai albashin watanni a ciki, akwai kuma lafiyar iyali, wani lokaci ma har da rai.

A zamanin da, wannan nauyi ba a kan maigida kaɗai ya ke ba. Kowace sana'a tana da shugabanta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, kuma wanda ya yi wa mutum ha'inci a aiki ya san inda za a kai ƙararsa, ya san kuma kunyar da za ta biyo baya. Irin wannan tsari ne ya fitar da mutane kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Maginan nan sun san kaurin bango da tsawon soro da za su sa ɗaki ya yi sanyi da rana ya yi ɗumi da dare. Yau mun koma gidajen bulo da kwano, waɗanda su ke tara zafi su riƙe shi, mun dogara ga na'ura. Amma sana'ar gyaran na'urar ba ta da sarki a unguwa. Duk wanda ya rataya jaka da filaya da tukunyar gas sai a kira shi injiniya. Saboda haka aikin tantancewa ya dawo kan mai gida, tilas kuwa ya koye shi.

Matakin farko shi ne tambaya. Kada mutum ya ɗauki mai gyara don ya ga lambar wayarsa a jikin bango ko a jikin turken lantarki. Ya tambayi abokan aiki da maƙwabta wa ya yi musu aiki, sa'an nan ya tambayi abin da ya fi muhimmanci, watau tun yaushe aka yi aikin, kuma an sake kiransa a kan matsalar nan ko ba a sake ba. Aikin da aka yi jiya ba shi da shaida, sai wanda ya ci bazara guda yana tsaye. Bayan haka ya je ya ga shagon mutumin da idonsa, gama gani ya kori ji. Mai shago a wuri sananne yana da sunan da ya ke tsoron ɓatawa, kuma in aiki ya lalace an san inda za a same shi. Wanda ba shi da matsuguni sai lambar waya, ran da ya kashe wayar shi ke nan an rabu.

Na biyu, a tambayi inda ya koyi sana'a. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da takardar jarrabawar sana'a mai daraja uku, ta uku ita ce ta farawa, ta ɗaya ita ce babba. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana jarraba ɗaliban makarantun fasaha, kuma aikin firiji da iyakwandishan yana cikin darussan da ta ke jarrabawa. Masu wannan sana'a kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NARAP. Na san wani zai ce, ai gwanaye da yawa a garuruwanmu ba su taɓa shiga aji ba, a hannun maigidansu su ka koya shekara da shekaru, kuma akwai mai takarda da bai iya riƙe sifana ba. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Takarda ba ita ce gwaninta ba. Amma wanda ba shi da takarda sai ya faɗi sunan wanda ya yaye shi, a je a tambaya. Wanda ba takarda, ba maigida, ba kuma wanda zai tsaya masa, wannan kam a bar shi ya koyi aiki a kan kayan wani.

Na uku, mai gida ya san 'yan abubuwa kaɗan da zai auna mai gyara da su, ko da shi kansa bai san komai a kan inji ba. Babbar magana a nan ita ce ta gas. Gas ɗin iyakwandishan da na firiji ba kamar man mota ba ne da a ke ƙonawa ya ƙare. Zagayawa ya ke yi cikin rufaffen bututu, in ya ragu to lalle akwai inda ya ke yoyo. Mai gyaran da ya ce gas ya ƙare, ya ɗura sabo, ya karɓi kuɗi ya tafi ba tare da ya nemi hujin ya toshe ba, zuba ruwa ya yi a rariya, bayan 'yan makonni kuma zai dawo ya sake karɓa. Sa'an nan gas iri-iri ne, kuma an rubuta irin na kowace na'ura a jikinta. Tsofaffin iyakwandishan R22 su ke sha, wanda a ke janye shi daga kasuwannin duniya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, domin yana lalata rufin iskar da ke kare mu daga zafin hasken rana. Sababbi kuwa R410A ko R32 su ke sha, firiji na zamani da yawa kuma R600a, wanda ya ke kama wuta. Ba a gauraya su, ba a kuma musanya wani da wani. Wanda ya kunna wutar walda a jikin firiji bai karanta abin da ke rubuce a bayansa ba, ya jefa kansa da mutanen gida cikin haɗari.

Haka kuma wajen kafa sabuwar na'ura, gwani ya kan zo da famfon zuƙe iska, ya tsotse iska da laima daga cikin bututu kafin ya saki gas, domin laimar da ta saura a ciki ita ce ke cin kwamfireso a hankali. In za a gwada bututu don neman yoyo, da iskar naitirojin a ke yi. Iskar oksijin ta masu walda, in ta haɗu da man kwamfireso, fashewa ta ke yi. Akwai kuma wata dabara da ya kamata a sani. Sau da yawa na'ura ta kan ƙi tashi saboda wani ɗan ƙaramin abu mai arha da a ke kira kafasita, sai marar tsoron Allah ya ce kwamfireso ne ya mutu, wanda shi ne mafi tsada a jikin na'urar duka. Maganin wannan shi ne a ce ya gwada a gaban mai gida, in kuɗin da yawa a nemi ra'ayin mai gyara na biyu, kuma duk abin da aka cire a bar shi a gida.

Wanda ya ke shirin sayen sabo, ya lura da tambayoyin da ɗan kwangila zai yi masa. Na kirki zai fara auna ɗaki, ya duba ko akwai silin, ya ga inda taga ta fuskanta, ya duba wayar gidan. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, in da silin mai kyau, na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ta kan ishe shi. In ta yi wa ɗaki kaɗan, ba za ta huta ba har ta gaji, in ta yi masa yawa kuwa an yi asarar kuɗin saye. Tana bukatar layinta na kanta daga akwatin wuta, da waya mai kauri, aƙalla wadda masu aikin lantarki ke kira 2.5, da abin katse wuta nata. Jona ta a siririyar wayar fitila gayyatar gobara ce. A tuna kuma da kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin ma'aunin wuta ɗaya Naira 225 ga masu layin Band A. A wannan farashi, na'ura mai doki ɗaya da rabi, in ba mai inbata ba ce, in ta yi awa 8 tana aiki ba tsayawa, ta sha wutar kusan Naira 2,000 a dare guda. Malami ya ninka wannan sau 30 ya aza kusa da albashinsa. Ɗan kwangila mai amana zai iya ce maka ka fara gyara silin, ka buɗe taga ta biyu don iska ta ratsa, ka dasa darbejiya ta yamma da ɗaki, ko da hakan zai rage masa ciniki. In ka sami irin wannan, riƙe shi hannu biyu.

Ba zafi kaɗai ke kai mu ga masu gyara ba. A watannin Disamba da Janairu, musamman a Jos da tsaunin Mambila, har ma da Kano da Zariya, ruwan zafi da ɗumin ɗaki a ke nema. Hitar wanka wuri ne da ruwa da lantarki su ka haɗu, saboda haka tilas a haɗa mata wayar ƙasa. Tana kuma da ɗan bawul da ke rage matsin ruwa in ya yi yawa, shi ya sa ya kan ɗiga. Mai gyaran da ya toshe shi don ya daina ɗiga ya mai da hita abin tsoro. Gidan da ba hita kuwa, a kiyayi kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, haka kuma a kiyayi ajiye janareta a zaure ko kusa da taga. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba.

In an zaɓi mutum, sai a rubuta jinga. Mu da aikinmu kullum rubutu ne, abin mamaki ne mu ba da kuɗi masu yawa a kan magana ta fatar baki. A rubuta aikin da za a yi, da kayan da za a saya da irinsu, misali bututun jan ƙarfe ba na alminiyam ba, da kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, da ranar gamawa, da watannin da zai dawo ya gyara kyauta in matsalar ta sake tasowa. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kaya, sauran sai an ga aiki. A karɓi rasit, a adana katin garanti, a kuma sani kamfanoni da yawa su kan soke garanti in wanda ba su yarda da shi ba ya buɗe na'urar. Kada kunya ta hana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In kuma an yi zalunci, akwai shugabannin ƙungiyarsu, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, amma duk inda aka je takarda za a fara tambaya.

Adalci ne kuma mu faɗi namu laifin, mu masu ba da aiki. Wanda ya matse mai gyara a ciniki har ya kai shi ƙasa da kuɗin kaya na gaske, shi ya tura shi sayen jabu. Wanda aka gama wa aiki ya ce a dawo ƙarshen wata, wata ya ƙare ya ce a dawo na gaba, kada ya yi mamaki in gwanaye sun daina amsa kiransa. Wanda kuma bai taɓa wanke matacin ƙurar na'urarsa ba duk tsawon hunturu, aikin da yaro zai yi da ruwa cikin minti goma, ba shi da bakin zargin kowa. A kira mai gyara a watan Fabrairu, lokacin da ya ke da sukuni, kada a jira Afrilu sa'ad da mutum goma ke jan rigarsa.

Daga ƙarshe, maganata ga 'yan'uwana malamai ce. Ƙarancin gwanaye a wannan sana'a da hannunmu a ciki. Mun daɗe muna nuna wa yara cewa makarantar fasaha ta wanda ya kasa ce, mai ƙoƙari kuwa sai ofis. Ga shi yau mai ofis yana tsaye cikin gumi yana roƙon mai sifana. Sana'ar nan tana son lissafi da kimiyya da iya karanta umarnin kamfani, watau tana son yaro mai kaifin basira. Mu tura irin waɗannan da farin ciki, mu kuma fahimtar da iyayensu. Ina kuma roƙon Ƙananan Hukumomi su haɗa kai da ƙungiyar masu sana'ar, su buɗe rajistar waɗanda aka tantance a kowane gari, a manna ta a sakatariya inda kowa zai duba, a kuma soke sunan wanda ha'incinsa ya tabbata. Littafi ɗaya da akawu ɗaya sun isa wannan aiki, zai kuwa mayar mana da abin da mu ka rasa tun da sarakunan sana'a su ka ja da baya.

Allah ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu riƙe amanarsu, amin.