Sholay: me muka yi wa tafi?

Jama'a, a faɗi gaskiya ko da ran masoya zai ɓaci. Fim ɗin Indiya Sholay, wanda Ramesh Sippy ya fitar a 1975, ya cika gidajen silima tun daga Bombay har ƙasar Hausa. Da na sake kallonsa, sai na tarar da sa'o'i uku da ɗoriya na ramuwar gayya: Thakur, tsohon ɗan sanda, ya yanke ƙauna ga shari'a, ya yi hayar ɓarayi biyu su kamo masa Gabbar Singh. Ko zuwan ƴan sanda a ƙarshe, hukumar tace fina-finai ce ta tilasta shi, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi. Ashe ɗaukar doka a hannu muka yi ta yi wa tafi?